Luwi Bileriyo da Jirginsa na Goma Sha Ɗaya

1. MASHIGIN TEKU

Ƙasar Ingila tana bisa wani babban tsibiri ne, watau ƙasar da ruwa ya kewaye ta kowane gefe. Tsakaninta da Faransa akwai wani mashigin teku. Inda mashigin nan ya fi ƙunci shi ne tsakanin garin Kale na Faransa da garin Doba na Ingila. Faɗinsa a nan mil 21 ne, watau kimanin kilomita 34. Da a tudu ne, da matafiyi mai sauri in ya yi sammako ya isa kafin magariba. Amma ruwa ne mai sanyi ƙwarai, ga igiyar ruwa, ga iska mai juyawa ba zato, ga kuma hazo wanda kan rufe gaɓa har matuƙan jirgi su kasa ganin gabansu.

Tun zamanin da, hanyar ƙetare mashigin nan ita ce jirgin ruwa. Cikin shekarar 1785 waɗansu mutum biyu sun ƙetare ta sama, suna zaune cikin kwandon da aka rataya a ƙarƙashin wani ƙaton balan-balan. Amma balan-balan ba shi da linzami, inda iska ta nufa can za shi. Wanda ya fara ƙetarewa cikin jirgin sama mai inji, irin wanda matuƙi ke sarrafawa yadda ya ga dama, wani Bafaranshe ne, sunansa Luwi Bileriyo. Da Faransanci Louis Blériot ake rubuta sunan.

Tafiyar ba ta kai minti 40 ba. Amma kafin ya samu ya yi ta, sai da ya shekara tara yana ƙera jirage suna karyewa, yana sake ƙera waɗansu. Jirgin da ya kai shi Ingila shi ne na goma sha ɗaya.

2. MAI FITILUN MOTA

An haifi Bileriyo ran 1 ga watan Yuli, 1872, a garin Cambrai da ke arewacin Faransa. Da ya gama karatun ƙuruciya sai ya tafi Faris, babban birnin ƙasarsu, ya shiga wata babbar makaranta inda ake koyar da aikin injiniya. Ba a shiga makarantar nan sai an ci jarrabawa mai wuya. Ya fita cikin 1895, ya yi aikin soja na shekara guda kamar sauran samarin ƙasarsu, sa'an nan ya kama aiki a wani kamfanin kayan lantarki.

A zamanin nan mota baƙuwa ce, ba a daɗe da ƙago ta ba. Masu mota kuwa suna da wata damuwa. In dare ya yi tafiya takan gagara, domin fitilun da ake rataya wa mota ba su haskaka hanya sosai. Bileriyo ya lura da wannan, ya zauna ya yi tunani, ya ƙago wata sabuwar fitila. Akwai wani irin dutse na haɗi wanda in aka ɗiga masa ruwa yakan fid da iska mai kama wuta, haskenta fari fat. Sai ya yi wa fitilarsa ɗan ma'aji na zuba dutsen nan da ruwa, ƙarami yadda mota za ta ɗauka ba wahala. Cikin 1897 ya buɗe kantin sayar da fitilun a Faris. Ba a jima ba manyan kamfanonin ƙera mota, irin su Renault, suka shiga saye a wurinsa. Ciniki ya kankama, dukiya ta taru. Cikin 1901 ya auri wata yarinya ana ce da ita Alice, 'yar wani tsohon hafsan soja.

Da wani ne, da sai ya zauna ya ci arzikinsa cikin kwanciyar rai. Amma cikin 1900 an yi wani babban taro a Faris na nuna kayan sana'a daga ƙasashen duniya, Bileriyo ya tafi kallo. A can ya ga wani inji mai fukafukai kamar na jemage, wanda wani Bafaranshe mai suna Clément Ader ya ƙera don tashi sama. Injin nan bai yi tashin kirki ba, amma ya shiga ran Bileriyo. Tun daga sa'an nan ribar da fitilu ke kawowa sai ta riƙa zurarewa wajen gwajin jirgin sama.

3. DAGA NA ƊAYA ZUWA NA TAKWAS

Kowane jirgi na Bileriyo da lambarsa. Na ɗaya mai kaɗa fukafukai ne, don ya zaci tun da haka tsuntsu ke tashi, haka inji ma zai tashi. Bai yi nasara ba.

Ana nan, sai can a Amurka waɗansu masu sana'ar kekuna, wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirgi mai inji ran 17 ga Disamba, 1903. Tashinsu na fari daƙiƙa 12 kurum ya ɗauka. Labarin bai bazu sosai a Turai ba, waɗanda suka ji ma da yawa ba su gaskata ba. Saboda haka Faransawa suka ci gaba da nasu lalube.

Cikin 1905 Bileriyo ya sadu da wani saurayi mai ƙera jirage, sunansa Gabriel Voisin, ya sa shi ya ƙera masa jirgi na biyu. Wannan ba shi da inji. An ɗora shi bisa 'yan kwale-kwale, aka ɗaura shi da igiya a bayan wani jirgin ruwa mai gudu, aka ja shi cikin kogin Seine, Voisin na ciki. Ya ɗan ɗaga ke nan sai ya karkace ya faɗa ruwa, saura kaɗan Voisin ya halaka. Duk da haka mutanen nan biyu suka haɗa jari, suka ƙera na uku da na huɗu, masu inji. Ko ɗaya bai tashi ba. Ran 12 ga Nuwamba, 1906, na huɗun ya lalace tun yana gudu a ƙasa cikin wani fili a Faris. A ran nan kuma, cikin wannan fili, wani mutumin Barazil mai suna Santos-Dumont ya tashi da nasa jirgi, ya yi tafiyar yadi 240 a sama, jama'a na ta sowa, Bileriyo na kallo. Bayan wannan suka raba jari shi da Voisin, kowa ya kama gabansa.

Daga nan Bileriyo ya zama shi ne mai ƙira, shi ne kuma matuƙi. Cikin 1907 kaɗai ya gwada jirage uku. Na biyar ya yi 'yan tsalle-tsalle sa'an nan ya karye. Na shida ya fi shi, har ran 17 ga Satumba ya hau sama wajen ƙafa 80. Yana can sama sai inji ya mutu, jirgi ya sunkuyar da kai ya nufo ƙasa yana juyi. Bileriyo bai ruɗe ba. Ya fita daga mazauninsa ya jefa jikinsa wajen wutsiya, nauyinsa ya danne ta, goshin jirgin ya ɗan ɗago, ya faɗo a kwance maimakon ta ka. Jirgi ya ragargaje, amma shi 'yan yanka kaɗai ya samu a fuska, inda gilashin tabaransa ya fashe.

Na bakwai ya yi tafiyar da ta fi yadi 500, har ya iya juyowa a sama ya komo inda ya tashi. Cikin watan Disamba ƙafarsa ta karye wajen sauka, ya wuntsila. Na takwas kuwa, ran 31 ga Oktoba, 1908, ya tashi daga garin Toury ya je Artenay ya komo, tafiyar wajen mil 17.

Mutane suka riƙa yi wa Bileriyo ba'a, suna cewa shi kullum cikin faɗuwa yake. Gaskiya ne ya sha faɗuwa. Amma wanda ya jera jiragen nan ya duba zai ga kowanne ya bambanta da wanda ya gabace shi. In ya sa wutsiya a gaba ya ga ba ta yi ba, sai ya mai da ita baya. In fukafukai sun yi yawa sai ya rage. Abin da ya karye jiya shi yake gyarawa cikin ƙirar yau. Na biyu ya faɗa kogi tun bai je ko'ina ba, na takwas ga shi ya je wani gari ya komo.

4. YADDA JIRGIN YAKE

Na tara da na goma ba su taɓuka kome ba. Na goma sha ɗaya kuwa, wanda wani saurayin injiniya mai suna Raymond Saulnier ya taya shi tsarawa, ya fara tashi cikin watan Janairu, 1909.

Jirgin ɗan ƙarami ne. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan wajen ƙafa 26 ne, tsawonsa daga goshi zuwa wutsiya ƙafa 25. Nauyinsa kimanin kilo 230, watau bai kai na buhun gero uku ba. Da katako aka yi ƙashin jikinsa, aka ɗaɗɗaure da waya, aka lulluɓe fukafukan da yadi. Ƙafafunsa kamar na keke suke. Matuƙi yana zaune a fili, ba rufi a kansa, iska na dukan fuskarsa.

To, ƙaƙa abu mai nauyi haka zai tashi sama? Wanda ya taɓa riƙe faifai cikin iska mai ƙarfi, ya ɗan karkata bakinsa sama, zai ji iskar tana neman ɗaga shi. Fiffiken jirgi ma haka yake. An yi shi da ɗan lanƙwasa, bakinsa na gaba ya ɗan fi na baya tudu. In yana keta iska da sauri sai ya riƙa tura ta ƙasa, ita kuwa ta riƙa tura shi sama. Amma sai da gudu wannan ke yiwuwa. Gudun kuwa aikin farfela ne, wadda inji ke juyawa, tana jan iska tana watsawa baya, jirgi na matsawa gaba. In inji ya mutu gudu ya ragu, jirgi sai ya yi ƙasa.

Tashi kaɗai bai isa ba, sai an iya sarrafa jirgin. Wutsiya tana da sassa biyu masu motsi. Ɗaya yana tsaye, shi ke karkata jirgi dama ko hagu. Ɗaya yana kwance, shi ke ɗaga goshi ko ya sunkuyar da shi. In kuma iska ta ɗaga fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa, akwai wayoyin da matuƙi zai ja su murɗa bakin fukafukan kaɗan, jirgi ya daidaita. Bileriyo ya haɗa aikin fukafukai da na ɗaga goshi a jikin sanda ɗaya da ke gaban matuƙi, ya bar karkatawa dama da hagu ga ƙafafu. Irin wannan tsari ne matuƙa suka ci gaba da bi a bayansa.

Yawancin masu ƙira na zamanin, har da su Wright da Voisin, fukafukai hawa biyu suke yi, ɗaya bisa ɗaya. Bileriyo ya tsaya a kan hawa ɗaya, fiffike guda a dama, guda a hagu, inji da farfela a goshi, wutsiya a baya. Duk wanda ya ga ƙaramin jirgi mai farfela a yau zai ga wannan fasali.

Injin da aka fara sa wa jirgin bai gamsar da shi ba, sai ya sake wani. Wani mutumin Italiya mai ƙera babur, sunansa Anzani, shi ya yi masa. Silinda uku gare shi, ƙarfinsa na doki 25. Wani gwani mai suna Chauvière kuma ya sassaƙa masa farfela ta katako. Ran 13 ga Yuli, 1909, jirgin ya yi tafiyar mil 25 a tudu. Bileriyo ya ga nisan nan ya ɗara faɗin mashigin teku.

5. FAM DUBU

Akwai wata jarida a Landan ana kiranta Daily Mail. Mai ita ya sa kyautar fam 1,000 ga wanda duk ya fara ƙetare mashigin cikin jirgin sama. Sharaɗin shi ne a yi tafiyar tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, ba tare da an sauka a hanya ba. Mutane da yawa suka ce ba mai cin kuɗin nan.

Cikin watan Yuli na 1909 mutum uku suka ɗaura niyya. Ɗayansu, Charles de Lambert, almajirin Wilbur Wright ne, amma jirginsa ya lalace wajen gwaji, ya fita daga takarar. Na biyu, Hubert Latham, saurayi ne mai ƙarfin hali, jirginsa ya fi na Bileriyo girma da ƙarfin inji, shi kowa ke sa wa rai. Ran 19 ga Yuli Latham ya tashi daga gaɓar Faransa. Ya yi 'yan mil kaɗan bisa ruwa sai inji ya mutu. Ya lallaɓa ya saukar da jirgin a kan teku, ya zauna bisansa yana shan taba, har wani jirgin ruwan yaƙi na Faransa ya zo ya tsamo shi. Nan da nan ya aika a kawo masa wani jirgi.

Na ukunsu shi ne Bileriyo, shi kuwa abu biyu sun dame shi. Na fari, kuɗi. Dukiyar fitilu ta kusa ƙarewa cikin gwaje-gwaje, ga iyali, ga ma'aikata masu jiran albashi. In bai ci wannan kyauta ba, da wuya ya iya ci gaba da ƙira. Na biyu, ƙafa. Cikin wannan wata, yana tuƙa wani jirgi nasa a garin Douai, abin da aka naɗe bututun hayaƙi da shi ya kwance, zafi ya cinye takalminsa ya ƙone masa ƙafa, shi kuwa ya daure bai sauko ba. Bayan mako biyu abin ya sake faruwa. Da sanduna yake tafiya sa'ad da ya iso Kale ran 21 ga wata.

Ya sauka a wata gona kusa da bakin teku, a wani ƙauye da ake kira Les Baraques. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aka sa wata doguwar jaka cike da iska cikin jikin jirgin, don in ya faɗa ruwa kada ya nutse. Aka kuma yi shawarar wurin sauka, domin gaɓar Doba ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, duwatsun alli ne farare masu tsawo, tsaye kamar bango. Wani ɗan jarida Bafaranshe, Charles Fontaine, ya riga ya ƙetare ya dudduba, ya sami wani fili mai ciyawa inda duwatsun suka yi ƙasa, kusa da tsohuwar ganuwar Doba. Ya yi alkawari zai tsaya can da tuta.

Shiri ya kammala, sai iska ta hana. Kwana da kwanaki tana bugawa, Bileriyo da Latham kowa na zaune a masaukinsa yana duban sama.

6. SAFIYAR LAHADI

Ran Lahadi, 25 ga Yuli, tun cikin dare abokin Bileriyo, Alfred Leblanc, ya fito ya ji iska ta kwanta. Ya je ya tashe shi. Aka kai matarsa Alice ta shiga wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Escopette, wanda zai bi shi ta ruwa ko da wani abu zai faru. Bileriyo ya ajiye sandunansa ya hau, ya ɗan kewaya filin don ya ji lafiyar inji, ya sauko, ya jira rana. A ƙasashen nan cikin watan Yuli rana da wuri take fitowa. Da ƙarfe 4 da minti 41 aka ba shi alama ta fito, ya tashi ya nufi teku.

Latham fa? Barci yake yi a masaukinsa, mutanensa ba su tashe shi da wuri ba. Kafin ya shirya iska ta sake tasowa, tashi ya gagara.

Bileriyo yana tafiya wajen ƙafa 250 bisa ruwa, gudunsa kimanin mil 45 cikin awa. Ba shi da kamfas, watau 'yar allurar nan mai nuna arewa. Da fari jirgin ruwan ne ke nuna masa hanya, amma ba a jima ba ya wuce shi ya bar shi a baya. Sai hazo ya sauko. Ya duba gaba ba Ingila, ya waiga ba Faransa, ya duba ƙasa ba jirgin ruwa ko ɗaya. Ya yi fiye da minti 10 haka, daga shi sai ruwa sai ƙarar inji. Bai karkata dama ko hagu ba, ya bar jirgin ya miƙe yadda ya fuskanta.

Can sai ya hango wani layi toka-toka a gabansa. Gaɓar Ingila ce. Da ya matso sai ya ga ashe iska ta kwashe shi zuwa gabas, ba Doba ke gabansa ba. Ya juya yamma, ya bi gefen fararen duwatsun nan, iska na ta jijjiga shi. Yana cikin tafiya sai ya ga duwatsun sun yi ƙasa, ga fili, ga kuma mutum tsaye yana kaɗa tutar Faransa mai launi uku, shuɗi da fari da ja. Fontaine ya cika alkawari.

Bileriyo ya kutsa ta wurin. Iska ta riƙa juya shi, ya kewaya sau biyu yana rage tudu, da ya rage saura wajen ƙafa 65 sai ya kashe inji. Jirgi ya faɗo tim, ƙafafunsa suka lalace, farfela ta karye. Shi kuwa ko ƙwarzane. Tafiyar duka minti 36 da rabi ta ɗauka.

Da yake gari bai gama wayewa ba, mutane kaɗan ne suka ga saukarsa. Daga baya jama'a suka yi ta tururuwa. Har ma'aikacin kwastan ya zo, ya rubuta jirgin cikin takardarsa kamar yadda ake rubuta jiragen ruwa, domin bai taɓa karɓar baƙon da ya shigo ta sama ba. Da Escopette ya iso Doba, Alice ta tarar da mijinta lafiya.

Latham ya aiko masa da barka. Bayan kwana biyu shi ma ya sake gwadawa, har ya zo dab da Doba, inji ya sake mutuwa, ya sake faɗawa ruwa aka tsamo shi. Ya rasu cikin 1912 wajen farauta a ƙasar da yanzu ake kira Cadi.

7. ABIN DA YA BIYO BAYA

Aka kai Bileriyo Landan aka ba shi fam 1,000. Aka ajiye jirgin cikin wani babban kanti mai suna Selfridges, dubban mutane suka yi ta zuwa kallo. Da ya koma Faris jama'a suka cika tituna don taryensa, gwamnati ta ba shi lambar girma.

Mutanen Ingila sun yi murna, amma masu tunani cikinsu sun yi shiru. Shekaru aru-aru teku ce ganuwarsu, jiragen ruwansu na yaƙi na tsaronta. Ga shi mutum guda mai ciwon ƙafa ya tsallake ta da jirgin katako da yadi, ba wanda ya iya tare shi.

Shi kuwa Bileriyo, talaucin da yake tsoro ya kau. Kafin ƙarshen watan Satumba an nemi ya ƙera jirage fiye da 100 irin na goma sha ɗaya. Daga 1909 zuwa 1914 ma'aikatarsa ta ƙera wajen 900. Ya buɗe makarantun koyon tuƙi, babbarsu a garin Pau da ke kudancin Faransa. Cikin 1910 wani mutumin Peru, Jorge Chávez, ya ƙetare manyan duwatsun Alps da irin jirgin nan, amma ya faɗi wajen sauka, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Cikin 1912 wata Ba'amurkiya, Harriet Quimby, ta tuƙa jirgin Bileriyo daga Ingila zuwa Faransa, ita ce mace ta fari da ta yi haka.

Bileriyo da kansa bai daɗe yana tuƙi a gaban jama'a ba. Cikin Disamba, 1909, ya je Istambul nuna jirginsa. Iska tana da ƙarfi ran nan, amma 'yan kallo suka ƙosa suka fara hayaniya, sai ya tashi don ya kwantar musu da rai. Iska ta maka shi bisa wani gida, haƙarƙarinsa suka karye, ya yi mako uku a asibiti. Mutumin da ya yi kwanaki yana jiran iska ta kwanta a Kale, ga shi hayaniyar jama'a ta sa ya yi gaggawa. Bayan wannan ya mai da hankalinsa ga ƙira da sha'anin ma'aikata.

Abin da aka ƙera don tafiya bai daɗe ba aka kai shi fagen fama. Cikin Oktoba, 1911, sa'ad da Italiya ke yaƙi da Turkawa a Libiya, wani hafsan Italiya ya tashi da jirgin Bileriyo kusa da Tarabulus don leƙen sansanin abokan gaba. Wannan ne karo na fari da aka yi aiki da jirgin sama cikin yaƙi. A Yaƙin Duniya na Farko kuma, daga 1914 zuwa 1918, wani kamfani mai suna SPAD, wanda Bileriyo ke shugabanta, ya ƙera dubban jiragen yaƙi.

8. ƘARSHEN RAYUWARSA

Bileriyo ya yi tsawon ran da ya ga yadda sana'ar nan ta bunƙasa. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Cikin watan Mayu, 1927, wani saurayi Ba'amurke, Charles Lindbergh, ya taso shi kaɗai daga New York ya ƙetare babbar tekun Atlantika, bai sauka ko'ina ba sai Faris, bayan awa 33 da rabi. Bileriyo yana cikin waɗanda suka yi masa maraba. Shekara 18 kurum ke tsakanin tafiyar minti 36 da wannan.

Ya rasu a Faris ran 1 ga Agusta, 1936, da ciwon zuciya, yana da shekara 64. Aka binne shi a garin Versailles. A wannan shekara aka sake wa ƙauyen da ya tashi suna, aka sa masa sunan Bileriyo. A Doba kuma, daidai inda ya sauka, an shimfiɗa duwatsu cikin ciyawa da siffar jirginsa.

Jirgin kansa yana nan ajiye cikin wani gidan kayan tarihi a Faris. Masu kallo sukan yi mamakin ƙanƙantarsa, da yadda mutum ya yarda ya hau shi bisa teku. Lambarsa 11 kuwa tana tuna musu guda goma sun riga shi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

TAMBAYOYI

1. Mil nawa ne faɗin mashigin teku tsakanin Kale da Doba?
2. Da wace sana'a Bileriyo ya sami kuɗin gwada jiragen sama?
3. Ƙaƙa ya kuɓuta sa'ad da injin jirginsa na shida ya mutu?
4. Mene ne aikin fiffike, da na farfela, da na wutsiya?
5. Waɗanne abubuwa biyu ne suka dame shi sa'ad da ya iso Kale?
6. Wane taimako Leblanc da Fontaine suka yi masa?
7. Don me waɗansu mutanen Ingila suka yi shiru da suka ji labarin saukarsa?